Ba mayyar ce ta hana ni barci ba, uwar ce

Ƙanwata mai shekara 16 na saya wa wani littafi, na ce bari in ɗan leƙa shafi biyu ko uku kafin in miƙa mata. Ƙarfe biyun dare ya riske ni da shi a hannu, kuma har yau bai kai gare ta ba.

Tatsuniyar Jamusawan nan ce ta Hansel da Gretel, yara biyu da aka yasar a dokar daji har suka faɗa hannun mayya, aka sake ƙera ta don matasa, yarinyar kuma, wato Gretel, ita ke ba da labari da bakinta. Marubuciyar ba ta yi mana sassauci ba: wadda ta kawo shawarar a kai yaran daji ba matar uba ba ce, uwar da ta haife su ce. Da farko na ɗauka ƙarin gishiri ne don a tayar wa mai karatu hankali, ashe haka 'yan'uwan nan Jacob da Wilhelm Grimm, masu tattara tatsuniyoyin Jamus, suka fara buga ta a 1812. Sai a bugu na huɗu, na 1840, suka mayar da ita matar uba. Marubuciyar ta maido da abin inda yake ne kawai.

Ta kuma dasa labarin a cikin babbar yunwar da ta afka wa Turai tsakanin 1315 da 1317, lokacin da ruwan sama ya ƙi tsayawa, amfanin gona ya ruɓe. A nan ƙarfin littafin yake. Akwai wani babi da uwar ta zaunar da 'yarta a daren ƙarshe tana yi mata kitso. Ba ta ce uffan ba. Sai dai ta ja gashin da ƙarfi fiye da kullum, ta ɗaure shi tamau, yarinyar kuma ta gane daga zafin da take ji a fatar kanta cewa wannan kitson an yi shi ne don ya daɗe ba a kwance ba. Wallahi ajiye littafin na yi, na tashi na sha ruwa. Babu jini, babu dodo, amma jikina ya yi sanyi. Abin haushin ma shi ne na kasa tsanar matar, domin an nuna mini ita tana lasar garin da ya maƙale a ƙasan akushi bayan kowa ya kwanta.

Daga tsakiya ne ya fara ja da baya. An cuso wani saurayi maharbi mai kyan ido, wai dole sai an yi soyayya, yarinyar da ta kwana uku ba ta ci komai ba tana ta kallon kafaɗunsa. Haba! Wannan sashen tsallake shi na riƙa yi. Mayyar ma tun kafin ta buɗe baki na san za a ce ita ma yasar da ita aka yi tana ƙarama. Wajen tanda kuwa, inda a tatsuniyar yarinyar ke tura mayyar cikin wuta, an cika bayanin ƙonewar nama har tsoro ya koma ƙyama. Ɗan'uwan yarinyar, Hansel, yana cikin kejin mayyar kusan rabin littafin, da ƙyar ya samu magana goma.

Ƙarshen ya fanshe shi. Ba zan tona ba, iyaka dai sun koma gida, kuma akwai wanda ya buɗe musu ƙofa.

Rubutun ƙanana ne, ya wahalar da idona da daddare. Yaron da bai kai 15 ba kuwa, ni dai ba zan ba shi ba.

Jiya ƙanwata ta sake tambaya ina littafinta. Na ce ta yi haƙuri zuwa gobe, ina so in sake karanta babin kitson.