NERC, NEMSA ko REA: wace ƙofa ɗan Sakkwato zai ƙwanƙwasa?

Matashin da ya gama bautar ƙasa yana neman aikin gwamnati a harkar wutar lantarki, ya fara sanin cewa aikin NEPA na zamanin iyayenmu ya rabu gida-gida. Kamfanin Kaduna Electric, mai kawo wuta Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kamfanin kasuwanci ne. Masu sa masa ido su ne hukumomin gwamnati, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Wadda kowa ke hari ita ce NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, da dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta kafa. Ita ke ba kamfanoni lasisi, ita ke yanke farashin wuta, ita ke hukunta wanda ya saɓa. A Afrilun 2024 ta kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, bisa sharaɗin a ba su wuta awa 20 a rana. A Janairun shekarar ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric saboda bashi. Wannan ba aikin injiniya kaɗai ba ne, abin da yaranmu da yawa ba su lura da shi ba ke nan. Farashi lissafi ne na kuɗin gas da canjin dala da wutar da ke zurarewa a waya, don haka wanda ya karanta tattalin arziki ko akanta ko shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da gurbi. Sai dai hedikwatar tana Abuja, guraben kaɗan ne, kuma duk ranar da aka ƙara kuɗin wuta, kai za a tare a wurin ɗaurin aure. Abin da ke kusa da gida shi ne ofishin sauraron ƙorafi na hukumar, inda mai wuta ke kai kuka idan kamfani ya ƙi share masa hawaye kan bil na ƙiyasi ko mita.

A nan ne nake so a tsaya a yi tunani. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, kuma Enugu da Ekiti da Ondo na cikin waɗanda suka fara karɓa. Duk jihar da ta kafa tata hukumar sai ta nemi mutanen da suka iya tsara farashi da karanta asusun kamfani. Irinsu sun yi ƙaranci a yankinmu, kuma abin yana damuna, domin jihar da ba ta da su, 'yan kwangila za ta ɗauko daga nesa su yanke wa talakanta farashi.

NEMSA kuwa, wadda dokarta ta fito a 2015, ta mai son taɓa ƙarfe ce. Ita ke gwada mita, tana da tashar gwaji a Kaduna, ita ke duba taransifoma da turaku da wayoyi kafin a sake masu wuta. Mai difloma babba daga Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ya fi dacewa da nan. Aikin fili ne cikin zafin bazarar Sakkwato, kuma jarrabawarsa ɗaya ce: ɗan kwangila zai zo neman sa hannunka a kan aikin da ka san zai iya kashe mutum.

REA ta wutar karkara ce, galibi ta hasken rana. Ga wanda ke son ya ga amfanin guminsa a ƙauyukan Gudu ko Tangaza, ita zan nuna masa, musamman idan ya taɓa zama a cibiyar binciken makamashi ta jami'armu. Amma ya yi tambaya biyu kafin ya karɓi takarda: aikin dindindin ne, ko na wa'adi a ƙarƙashin shirin da Bankin Duniya ke ba kuɗi? Kuma wane tanadin tsaro aka yi wa masu shiga gabashin jihar?

Akwai kuma TCN, mai manyan layukan da ke ɗauko wuta daga Kainji ta Birnin Kebbi zuwa nan. Ita ba ta hukunta kowa, aikinta na dare da rana ne a tasha.

Ni dai, mai ilimin lissafi ko shari'a ya nemi NERC ko da zai daɗe yana jira, injiniya ya fara da NEMSA ya kuma yi rajista da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, da wuri. Kowa ya ajiye takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, domin ɗaukar ma'aikatan tarayya na bin tsarin raba daidai tsakanin jihohi. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ka bar shi, ka duba shafin hukumar da kanka.