Katin bashi na Discover it Student: ya dace da ɗalibin da ya je karatu Amurka?

Ɗalibin da ya sauka Amurka daga Kano ko Maraɗi ba ya daɗewa kafin ya gane cewa a can, wanda bai taɓa cin bashi ya biya ba tamkar baƙo ne da babu mai tsaya masa. Mai gidan haya zai duba tarihin biyan bashinsa, haka kamfanin waya da dillalin mota. Amfanin katin bashi ga ɗalibi ke nan, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna Discover it Student Cash Back, ɗaya daga cikin katunan da aka fi ba ɗalibai shawarar nema.

Ba a biyan kuɗin shekara a kansa, kuma ba a buƙatar tsohon tarihin bashi kafin a nema. Yana mayar da kashi 1 cikin 100 na kowace sayayya, da kashi 5 a wasu rukunan da ke sauyawa duk wata uku, kamar gidajen abinci, gidajen mai ko kantunan kayan masarufi, har iyakar sayayyar dala 1,500 a kowane wata uku. Sai ka shiga manhajar kamfanin ka kunna rukunin da kanka; in ka manta, kashi 1 kawai za ka samu. A ƙarshen shekarar farko kamfanin yana ninka duk abin da ka tara. Abin da daɗin ji, amma ɗalibin da ke kashe dala 200 a wata, dala biyu zuwa goma ce ke dawo masa. Kada wannan ya ruɗi kowa.

Kafin komai akwai shinge biyu. Na farko lambar SSN, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, wadda mai bizar karatu ta F-1 ba ya samu sai yana da izinin aiki, galibi aikin cikin makaranta da ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Na biyu dokar katin bashi ta 2009, wadda ta ce ɗan ƙasa da shekara 21 sai ya nuna yana da kuɗin shiga nasa na kansa, ko a sami wanda zai tsaya masa. Wanda aka ƙi ba shi kada ya bi bankuna yana cike takardu, domin kowane nema yana ɗan rage masa makin da masu ba da bashi ke dubawa don auna amincinsa wajen biya. Gara ya nemi katin jingina, wanda ake ajiye kamar dala 200 su zama iyakar bashin.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne ranar biya. Takardar lissafin wata tana zuwa da adadi biyu: cikakken abin da ake binka, da mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Doka ta ba da aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar da ranar biya. In ka biya duka a cikin wannan wa'adi, ko sisi ba a ɗora maka. In ka biya ƙaramin adadin, ragowar ta fara haihuwa, kuma sabuwar sayayya ma ta fara tara kuɗin ruwa tun ranar da aka yi ta. A ce ruwan kashi 24 ne a shekara, ka bar dala 500: kusan dala 10 ke nan duk wata, ta cinye garaɓasar nan baki ɗaya. Ga Musulmi maganar ta wuce asara, riba ce ƙarara, kuma malamai sun saɓa har a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa ko da ba za a taɓa biyansa ba. Wannan tambaya ce da ya dace mutum ya kai wa malaminsa tun kafin ya nema. Wanda ya karɓa, ya saita manhajar ta riƙa cire cikakken adadin daga asusunsa da kanta, kuma kada ya kuskura ya ciri tsabar kuɗi da katin a ATM, domin a nan babu wa'adi, ruwa na fara hawa nan take, ga kuɗin cirewa a kai.

Makin nan na auna amincin mai biyan bashi, wanda ake kira FICO, yana tsakanin 300 da 850, kuma sai asusu ya yi wata shida kafin ya fito. Biya kan lokaci ke da kashi 35 na makin, yawan bashin da ke kanka kashi 30. In iyakarka dala 500 ce, takardar wata ta fito da dala 400, ka cinye kashi 80 na iyakar ke nan, kuma makin zai sauka ko da ka biya washegari. Maganinsa ka biya kafin ranar rufe lissafi, abin da zai bayyana ya zama ƙasa da dala 150, wato kashi 30 na iyakar. Discover na yafe tarar jinkirin farko, amma jinkirin da ya kai kwana 30 yana iya zama a tarihinka shekara 7.

Babban raunin katin shi ne karɓuwa. Kantunan Costco a Amurka Visa kaɗai suke karɓa cikin katunan bashi, kuma a wajen Amurka bai kai Visa da Mastercard yaɗuwa ba, don haka mai zuwa gida hutu kada ya dogara da shi. Kuɗin makaranta ma bai dace da shi ba, domin jami'o'i da yawa suna ƙara kusan kashi 3 ga mai biya da kati. A bar shi ga kuɗin waya da cefanen mako.