Barin alkama ko rage sitaci: wanne ya dace da mai motsa jiki?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kina tattaki bayan asuba, wasu ranakun kina zuwa wurin motsa jiki da yamma, kina son teɓa ta ragu, sannan duk ranar da kika ci burodi sai ciki ya kumbura. Wasu sun ce ki bar duk abin da ke da gulutin, wasu sun ce sitaci za ki rage, har kika tambaya ko duk tafiyar ɗaya ce. Hanya biyu ce daban, kowacce da matsalar da aka yi ta dominta. Akwai abincin da babu ɗigon gulutin a cikinsa amma sitaci ne zalla, kamar tuwon shinkafa. Masu tallar gari a leda ne suka gwama su, domin rubutun biyu a jikin kwali ɗaya ya fi kawo ciniki.

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir. Shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo, ya riƙe iska ya tashi. Barinsa magani ne ga masu cutar siliyak, wadda ke sa garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya shiga, har hanjin ya kasa tsotse amfanin abinci. Alamominta sun haɗa da zawo mai naci, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini da ba ya jin magani, a yara kuma rashin girma. Ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar: a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Kuma kada a ɗauka cutar Turawa ce kawai, domin ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya a cikin yaran Sahrawi ne na Yammacin Sahara, sama da kashi 5 cikin 100.

Mai wannan cuta ba ya yin rangwame. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce abinci kada ya wuce miligiram 20 na gulutin a kowane kilo kafin a kira shi marar gulutin, wato ɓurɓushin burodi ma ya isa ya yi ɓarna.

Rage sitaci kuma maganar awo ce. Babu abin da aka haramta miki kwata-kwata, yawan ne ake dubawa. Galibi idan abin da mutum ke ci na sitaci da sukari a yini ya gaza giram 130, ana cewa ya rage. Masu tsananin, wato masu tsarin kito, suna sauka ƙasa da giram 50. Don ki gane ƙanƙantar wannan, kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa yana da kusan giram 45. Kofi ɗaya, kason yini ya kusa ƙarewa. Shi ma kiton asalinsa magani ne, a asibitin Mayo na Amurka aka fito da shi a 1921 saboda yara masu farfaɗiya, daga baya masu rage ƙiba suka ara.

To, mu shiga kicin mu jera su.

Mai barin gulutin za ta rabu da burodi, gurasa, funkaso, alkubus, fanke, cincin, alkaki, taliya, makaroni, indomi, kuskus, Semovita da tuwon alkama. Haka lemon malt da kayan shayi irin su Milo, saboda sha'ir ɗin da ke ciki. Abin da ya rage mata kuwa shi ne tukunyar kakanninmu gaba ɗayanta: gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acha, rogo, doya, dankali, wake, gujjiya. Fura, koko, kunun tsamiya, tuwon dawa miyar kuka, duk babu gulutin. Bahaushiya ba ta buƙatar garin almon na kanti mai tsadar tsiya don ta bi wannan tsari, hatsin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa shekarar 2023 baki ɗaya, wato gero da danginsa, shi ne a rumbunmu tun fil azal.

Wahalar tana ɓoye ne a ƙananan wurare. Ki kai dawarki injin niƙa, wadda ta riga ki kuwa alkama ta niƙa, garin farko da zai zubo a kwanonki gauraye yake. Mai siliyak sai ta sa a fara zuba ɗan hatsi a wanke injin a ware shi gefe, ko ta samu injin da ba a niƙa alkama. Ɗanwaken yanzu yawanci da fulawa ake kwaɓa shi, in kina so sai ki yi naki da garin wake da alabo da kuka da ruwan kanwa, yadda ake yi a da. Wasu masu masa suna barbaɗa fulawa a ƙullu don ta yi laushi. Mai ƙosai kan soya fanke a man da take soya ƙosan. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya akwai garin alkama a ciki, sai an karanta jikin kwali, ko a koma wa daddawa.

Mai rage sitaci ba ruwanta da injin niƙa, amma jerinta ya fi ciwo, domin duk waɗancan hatsin da suka tsira ɗazu yanzu sun shiga layin awo. Achar da ake ta yabo hatsi ce mai kyau, tana da saurin dahuwa, ba ta da nauyi a ciki, amma kusan kashi uku cikin huɗu na busasshiyarta sitaci ne, daidai da sauran 'yan'uwanta. Wanda ya cika kwano da tuwon acha yana ganin ya rage sitaci, ya gudu ne bai tsira ba. Tuwon alkamar da ake dafa wa masu ciwon suga kamar wani magani kuwa ya faɗi a ɓangaren biyu: ga gulutin, ga sitaci. Dusar da ke cikinsa ce kawai amfaninsa a kan fulawa.

Abin da za ta ci hankali kwance shi ne ƙwai, kifi, kaza, nama, hanta, awara, cuku, kindirmo marar sukari, gyaɗa, riɗi, ƙuli-ƙuli, da ganye iya son ranta: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, lansir, kabeji, kuɓewa, yalo, kokwamba. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6, sitacinsa bai kai giram ɗaya ba. Kabeji giram 100 yana da kusan 6. Wake yana tsakiya, dafaffensa giram 100 na da kusan giram 20 na sitaci, amma yana zuwa da furotin da harza, wato zaren abinci da ba ya narkewa, yana daɗewa a ciki, shi ya sa ni ba na cire shi. Gyaɗa ce mai yaudara. Sitacinta kaɗan ne, amma rabinta mai ne, giram 100 ya haura kalori 550. Ana zaune ana hira ana watsa ta a baki, tattakin safe ya tashi a banza.

Inda maganar ta fi shafarki shi ne motsa jiki, kuma a nan hanyoyin biyu suka yi hannun riga.

Barin gulutin ba ya ƙara wa mai lafiya ƙarfi, ba ya rage masa. Kowa na kawo labarin Novak Djokovic, wanda ya bar alkama a 2010 ya zo ya ci manyan gasannin tanis uku a 2011. Shi an ce jikinsa ne ba ya karɓar ta. Da masu bincike a Ostireliya suka gwada masu tseren keke da ba su da cutar, mako guda da gulutin mako guda babu, ba tare da sun san wanne suke ci ba, ba a ga bambanci a gudunsu ko a cikinsu ba.

Rage sitaci kuwa jiki yana jin sa tun makon farko. Jiki na ajiye sitaci a tsoka da hanta, kusan rabin kilo gaba ɗaya a babban mutum, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da kin yanke tuwo, wannan ajiya ke fara ƙarewa, ruwan ya bi fitsari ya tafi da gishiri. Kilo ɗaya ko biyu da ke sauka a sikeli cikin 'yan kwanaki yawancinsa ruwa ne, shi ya sa yake dawowa ranar da aka je biki. Shi ne kuma dalilin ciwon kai da kasala da ɗaurewar tsoka, wanda a zafin Maris zuwa Mayu na ƙasarmu ba abin wasa ba ne. Romon nama mai ɗan gishiri da ruwa da yawa suna taimakawa.

Tattaki a hankali jiki yana iya yin sa da kitse, don haka fitarki ta asuba ba za ta samu matsala ba ko cikinki babu komai sai ruwa. Gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe su ne ke neman sitaci. Kitse kamar gawayi yake, yana daɗewa yana ci amma ba ya kamawa da wuri, sitaci kuwa gas ne, kina murɗawa ya tashi. A 2017 Louise Burke da abokan aikinta a cibiyar wasanni ta Ostireliya sun wallafa gwajin da suka yi da ƙwararrun masu tseren sassarfa: waɗanda aka ɗora a kan kito sun koyi ƙona kitse sosai, amma duk da atisayen makonni uku lokacinsu a tsere bai inganta ba, na masu cin sitaci ya inganta. Shawarar da masana abincin 'yan wasa ke bayarwa ita ce giram 3 zuwa 5 na sitaci a kan kowane kilo na nauyin jiki ga mai atisaye marar tsanani, 5 zuwa 7 ga mai yin awa guda mai ƙarfi kullum. Mai kilo 70 ke nan tana farawa daga giram 210. Ke da kike son rage teɓa za ki iya yin ƙasa da haka, amma kin ga nisan da ke tsakanin wannan da giram 50.

Furotin ma a sa shi a lissafi. Mai motsa jiki na buƙatar aƙalla giram 1.2 a kan kowane kilo, wato giram 84 ga mai kilo 70. Da ƙwai kaɗai sai ta ci 14. Dole a rarraba shi: ƙwai da safe, wake ko awara da rana, kifi da dare.

Ta fuskar aljihu, barin alkama ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, in dai ba ki bi biskit da burodin kanti masu tambarin marar gulutin ba, waɗanda galibi garin shinkafa ne da sitacin masara da sukari. Rage sitaci yana da tsada, saboda hatsi ne mai arha, nama da kifi ne masu kuɗi. Waken suya da gyaɗa da busasshen kifi su ke rufa asiri. Ga kuma maganar tukunya biyu a gida ɗaya, maigida da yara ba za su bar tuwo don ke ba.

Tuwon kabejin da ake yayi, wanda ake markaɗawa a matse a tuƙa da ɗan abin ɗauri, ya yi a matsayin canjin baki da dare. Ban ga wadda ta riƙe shi wata shida ba, kuma ba zai kai ki ƙarshen atisaye ba.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Maganar kumburi in kai ta asibiti tukuna. Akwai gwajin jini na siliyak, kuma sharaɗinsa kina kan cin alkama lokacin da za a ɗibi jinin, in kin riga kin daina sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. In an ce babu, mai yiwuwa wasu sinadaran alkama da ke tsami a hanji ne ke sa ki iska, ko kuma madara da sukarin shayin da ake haɗa burodin da su. Sai ki rage ki ga yadda jiki zai ce, ba sai kin bi injin niƙa da bincike ba.

Maganar teɓa kuma, lemon kwalba da sukarin shayi su za su fara tafiya, kwalba ɗaya ta rabin lita ta haura giram 50 na sukari. Sannan ki juya kwano: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya ta ninka ta, da abin tsoka a ciki. Ranar da babu atisaye, safe alale da ƙwai, rana kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, dare farfesun kifi ko ƙaramin tuwo. Ranar atisaye ki kai sitacinki kusa da shi: awa biyu zuwa uku kafin ki fita ki ci gwaten acha irin na Jos wanda ganye ya fi achar yawa, ko dafaffen dankalin Hausa, in kin dawo ki dama fura dunƙule ɗaya da kindirmo ba sukari. Dambu ma yana shiga, a bar zogalen ya rinjayi tsakin. In kin lura babu alkama a ko ɗaya daga cikinsu.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage suga irin su gilibenkilamaid kada ta yanke sitaci sai likita ya gyara mata awon magani, domin suga na iya faɗuwa ƙasa ta yanke jiki ana tsakar tattaki. Mai ciki da mai shayarwa su bar kito gaba ɗaya, mai ciwon ƙoda kuma ba ya ƙara furotin da ka. In kina cikin ɗayan waɗannan ki faɗa wa likitan irin motsa jikin da kike yi da lokacin da kike yin sa, domin da shi zai tsara miki lokacin shan maganin.