Harsashin Nosler Partition a jikin barewa

Nosler Partition mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) a bindigar .308 (lambar faɗin harsashinta ce a inci) harsashi ne abin dogaro. Cikinsa ɗaki biyu ne, da bangon tagulla a tsakani. Dalmar gaba taushi gare ta, tana shiga jiki sai ta baje ta yaga huhu. Ta baya kuwa a kulle take, ita ke tura shi ya fasa ƙashi ya ɓulla ɗaya gefen. Ramin fitar nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin ta nan jini ke zuba maharbi ya bi sawu.

Aibinsa, idan aka harba daga kusa ya sami kafaɗa, nama yakan dagargaje ya tara jini. A saita bayan kafaɗa kaɗan. Ya kuma fi harsashin Remington Core-Lokt tsada.