Claudio da Hero ko Benedick da Beatrice, wa ke son wani da gaske?

Ƙanwata da kika yi tambaya jiya a kan Much Ado About Nothing na Shakespeare, wai wace soyayya ce ta gaske tsakanin ta Claudio da Hero da ta Benedick da Beatrice tunda malaminku ya ce ku kwatanta, toh ga nawa ganin, ki ɗauki wanda ya miki.

Wasan dai an rubuta shi wajen 1598 zuwa 1599, aka buga shi a 1600, kuma komai a Messina yake faruwa can tsibirin Sisili, gidan gwamna Leonato, sojoji sun dawo daga yaƙi ba aikin fari ba na baƙi sai shagali da haɗa aure. Duka soyayyar biyu sai da wasu suka sa hannu, don haka ba nan bambancin yake ba.

Claudio ya ga Hero ya ce ta kwanta masa, amma kin san abin da ya tambayi Don Pedro, yariman da ya jagorance su a yaƙin? Wai Leonato yana da ɗa namiji? Aka ce a'a, 'yarsa Hero kaɗai ce magajiya. Ni tun daga nan na fara masa kallon hadarin kaji. Zancen ma ba shi ya je ba, Don Pedro ne ya rufe fuska a wurin rawa ya nemo masa ita, ita kuwa Hero baiwar Allah ranar da aka ba shi ita ma a kunne ta masa magana, mu masu kallo ko kalma ba mu ji ba.

Benedick abokin Claudio da Beatrice 'yar ɗan'uwan Leonato kuwa in sun haɗu sai baƙar magana, ita ta ce gara ta ji karenta na yi wa hankaka haushi da ta ji namiji na rantse mata da so, shi kuma ya ce tuzuru zai mutu. Amma akwai inda ta faɗa wa Don Pedro cewa Benedick ya taɓa ara mata zuciyarsa kuma ya cinye tata da cacar zamba, kin ga ashe tsohuwar zuma ce, tsiyar duk ta miki ce da bai warke ba. Da abokai suka ɗana masa tarko yana laɓe a lambu suna hira da ƙarfi wai Beatrice na mutuwar sonsa, ita ma Hero da mai aikinta Ursula suka mata haka, sai ga mutuminki ya aske gemu ya sha turare yana cewa wai haƙori ke masa ciwo.

Inda za ki tsaya ki yi rubutu sosai shi ne wurin ɗaurin auren. Don John, ɗan'uwan Don Pedro, ya biya yaronsa Borachio tsabar kuɗi dukat 1000, aka sa Margaret mai aikin Hero ta leƙo ta taga da dare Borachio yana kiranta da sunan Hero, Claudio ya hango daga nesa, shikenan ya yarda. Kuma fa wannan Don John ɗin ya taɓa masa ƙarya a wurin rawa cewa Don Pedro kansa yake nema wa yarinyar, ya hau ya zauna, sau biyu kenan mutum ɗaya. Bai kira ta gefe ya tambaye ta ba, sai da ya bari an cika coci sannan ya tozarta ta gaban kowa har ta suma, uban da ya haife ta ma cewa ya yi gara ta mutu. Benedick bai bi abokansa sun fita ba, ya tsaya. Da Beatrice ta ce ya kashe Claudio ya ƙi da farko, sannan ya tambaye ta ko har cikin ranta ta tabbata an zalunci Hero, ta ce eh, ya ce ya isa. Ba shaida a hannunsa wallahi sai maganarta, ya je ya ƙalubalanci amininsa ya kuma bar tafiyar Don Pedro.

Kar dai ki yanke Claudio gaba ɗaya a takardarki, yaro ne, ya yi nadama har ya je kabarin da ya zaci na Hero ne ya yi makoki, don an ɓoye ta an ce ta mutu. Sai dai ba shi ya bankaɗo gaskiyar ba, 'yan sintirin Dogberry, ɗan sandan garin, ne suka ji Borachio yana fallasa kansa cikin maye, kuma da aka ce ya auri wata 'yar ɗan'uwan Leonato bai ga fuskarta ba nan take ya amsa, Allah ya so Hero ce a lulluɓe.

Benedick da Beatrice kuwa har ƙarshe musu suke wai ba sa son juna, sai da aka zaro waƙoƙin soyayya da kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa da hannunsa. Sarkin Ingila Charles na ɗaya ma a kwafinsa sunan Benedick da Beatrice ya rubuta kusa da sunan wasan.