Soil ko dirt: da wanne ake kiran ƙasa a Turanci?

Masu koyon Turanci sun sha yin wannan tambaya: in za a ce ƙasa, soil za a ce ko dirt? Kowacce da inda take shiga.

Soil ita ce ƙasar noma, wadda ake zuba wa taki a yi shuka. Da ita malamin gona yake aiki. Tana kuma nufin ƙasar haihuwa: in ƙungiyar ƙwallo ta ci kofi a gida, sai jarida ta rubuta on home soil.

Dirt kuwa sai an yi hattara. Ta samo asali daga drit, wato kashi a tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma har yau warin bai gama fita ba. A Ingila galibi datti take nufi. Amurkawa ne suka saki jiki da ita, ƙasar lambu ma dirt suke ce mata, hanyar da ba kwalta kuma dirt road.

Wajen salon magana dirt ta fi yawan kaya nesa ba kusa ba. Dirt cheap arha ce kamar kyauta. Treat like dirt wulaƙanta mutum ne. Dig up dirt tono asirin abokin hamayya, sana'ar 'yan siyasa ke nan. In ruwa ya sauka an koma mud, wato taɓo, shi ma da tasa: mudslinging, ɓata sunan juna lokacin kamfe.

Mai rubuta jarrabawa ko rahoton noma ya riƙe soil, ba za ta ba shi kunya ba. Mai hira da Amurkawa kuwa, dirt ce za ta fi zama masa a baki.