Shagon Sinadarai a Birnin Kebbi: Yadda Suke Sayar da Eta, da Inda Suke da Gyara

A da, duk ɗakin gwaje-gwajen da ke Birnin Kebbi in yana buƙatar sinadari mai inganci, sai ya aika Sakkwato ko Kano, wani lokaci har Legas, sannan ya zauna jiran mota. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ga kwalejin Waziri Umaru, ga jami'ar da ke Aliero, ga kuma asibitoci da ɗakunan gwajin jini masu zaman kansu, ya sa kasuwar kayan gwaji ta samu gindin zama a garin. Akwai wani shago daga cikin masu wannan sana'a da muke sayen kayan aiki a wurinsa, kuma zan auna shi ne da abu guda kawai, wato yadda yake mu'amala da dayetil eta, domin shagon da ya iya riƙon wannan sinadari a zafin Kebbi zai iya riƙon sauran.

Eta ruwa ne garai mai ƙamshi mai hawa kai, wanda ake narkar da mai da kitse da shi. Masu gwajin bayan gida a asibiti suna haɗa shi da fomalin domin tattara ƙwayayen tsutsar ciki, ɗaliban kimiyyar abinci kuma suna tatsar mai daga gyaɗa ko riɗi da shi. Shi ne likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci a birnin Boston na Amurka ranar 16 ga Oktoba 1846 aka yi masa tiyata bai ji zafi ba, kuma har yau wanda ya daɗe yana shaƙarsa a ɗaki rufaffe zai ji jiri da barci. Amma babban haɗarinsa wuta ce. Yana tafasa a digiri 34.6 na ma'aunin salshiyas, alhali kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40. Ma'ana, a watannin bazara kwalbar eta da aka bari a ɗaki mai rufin kwano tana iya kaiwa ga tafasa ba tare da an ɗora ta a kan komai ba, tururin ya taru ya matsa murfi, wanda ya buɗe ta kuma ya fesu a fuskarsa.

A nan ne shagon ya fara burge ni. Ba a jera eta da asiton da heksan, waɗanda duk masu saurin kamawa da wuta ne, a kanta tare da bututun gwaji da safar hannu ba, kamar yadda na sha gani a wasu wurare. Suna da ɗaki daban a baya, mai rufin silin da tagogin iska a ƙasa da sama, kuma kwalaben suna cikin kabad na ƙarfe, nesa da asid mai ƙarfi irin su naitirik. Tagar da ke ƙasa ta nuna mini cewa wanda ya tsara ɗakin ya san abin da yake yi, saboda tururin eta ya fi iska nauyi fiye da ninki biyu da rabi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi ya bi ƙasa kamar ruwan da ya ɓalle daga fadama, har ya isa inda wuta take ko da nesa, sannan wutar ta biyo shi baya zuwa kwalba. Makunnin fitilar ɗakin yana waje. Janaretansu kuma yana can ɗaya gefen ginin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin eta yana kamawa da kansa idan ya taɓa abin da zafinsa ya kai wajen digiri 160, wanda bakin salansar janareta ya wuce shi nesa ba kusa ba. Akwai tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa da bokitin yashi. Da na tambayi yaron shagon me zai yi idan eta ya kama da wuta, bai ce zai watsa ruwa ba, kuma daidai ne, tunda eta ya fi ruwa sauƙi, yana hawa kansa ne ruwan ya yaɗa wutar.

Kayan da suke sayarwa a rufe, ban sami abin kushewa a kansu ba. Kwalaben masu launin ƙasa-ƙasa ne masu kare haske, na lita 2.5 da na mililita 500, da hatimin kamfani, da alamar harshen wuta a cikin jan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa, da lambar rukunin kayan da ranar ƙarewar aiki. Sun ba ni takardar bayanan kariya mai sashe 16 da na nema, ko da yake sai da aka je aka bugo ta, ba ta zo tare da kayan ba. Suna kuma neman takardar oda mai hatimin makaranta ko asibiti kafin su sayar, abin da wasu abokan aiki suke ƙorafi a kai. Ni ina ganin sun kyauta. Eta da asiton suna cikin jadawali na biyu na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi, saboda ana amfani da su wajen sarrafa ƙwayoyin, kuma a Najeriya hukumar NAFDAC ce ke ba da izinin shigo da irin waɗannan sinadarai. Shagon da yake sayar wa duk wanda ya shigo da kuɗi a hannu, shi ne abin tsoro. Farashinsu ya ɗan ɗara na Kano, amma idan aka haɗa kuɗin mota da fargabar kwalba ta fashe a hanya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda na fara samun matsala da su shi ne sayar da na tsiyaye. Ɗalibai masu aikin kammala karatu ba su da kuɗin kwalba sukutum, don haka shagon yakan buɗe babbar kwalba ya tsiyaya musu mililita 100 ko 200 a ƙananan kwalabe, ya manna takarda ya rubuta sunan sinadarin da biro. Niyyar taimako ce, na yarda, amma takardar ba ta ɗauke da ranar da aka buɗe uwar kwalbar, kuma a sha'anin eta wannan rana ta fi ranar ƙarewar aiki muhimmanci. Da zarar iska ta shiga, musamman in akwai haske da zafi, eta yana haɗuwa da iskar oksijin a hankali ya haifar da feroksaid, wani sinadari da ba ya ƙafewa tare da shi. Ɗalibin da ya tatsi man gyaɗa, sannan ya dafa ruwan har ya ƙafe ƙarƙaf domin ya auna man, yana tara wannan feroksaid ne a gindin tulun gilashi, kuma idan ya yi yawa yana iya fashewa da ɗan zafi ko girgiza. Kamfanoni sukan zuba ɗan sinadarin BHT domin rage saurin samuwarsa, amma ragewa yake yi, ba hanawa ba. Ƙa'idar da jami'o'i da yawa suke bi ita ce a rubuta ranar karɓa da ranar buɗewa a jikin kwalba, a riƙa gwadawa, kuma kada a riƙe buɗaɗɗiyar kwalba fiye da wata 12, wasu ma wata 6 suka yanke. Gwajin ba shi da wuya: ruwan fotasiyam ayodaid yana juyawa ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa idan akwai feroksaid, akwai kuma 'yan takardun gwaji da aka yi domin haka. Shagon ba ya sayar da takardun nan, kuma yaron da ke tsiyayawa bai taɓa jin labarinsu ba. Wanda duk ya ga wani farin abu kamar gishiri ya daskare a bakin murfin tsohuwar kwalbar eta, kada ya murɗa murfin, domin gogayyar kaɗai tana iya tayar da shi.

Tsiyayar kanta ma a cikin shagon ake yinta, a kan tebur, fanka tana juyawa. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum yana jin tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, wannan ganganci ne, saboda kashi 1.9 cikin 100 na tururin eta a cikin iska ya isa ya kama da ɗan tartsatsi.

Abu na biyu shi ne kai kaya. Odarmu ta iso da azahar a bayan ɗan kabu-kabu, cikin kwali ba tare da abin tare kwalaben ba, rana tana dukansu tun daga shago, kuma ɗan kabu-kabun bai san abin da ya ɗauko ba. Kwalaben da ɗumi suka iso, sai da muka ajiye su a inuwa suka huce kafin a taɓa murfi. Na koma na sami mai shagon, dattijo mai sauraro, na ce masa, "Alhaji, ku yi haƙuri, kayan nan ba na tsakar rana ba ne, kuma ba na mashin ba ne." Ya amsa da cewa, "Malam, gaskiyarka, za a gyara," kuma daga baya da sassafe ake kawo mana a mota, kwalaben a tsaye cikin kwali mai rabe-rabe. Sai dai na lura gyaran ya tsaya a kan wanda ya yi magana, domin har yanzu ina ganin ɗalibai suna fita da ƙananan kwalabe a jakar baya.

Akwai shawarar da na ji yaron shagon yana ba wani mai saye, wai ya saka kwalbar a firiji saboda zafi. Kada kowa ya bi wannan. Firijin gida yana da makunnin daidaita sanyi da fitila a ciki, dukansu suna tartsatsi, sanyinsa kuma ba ya hana eta fitar da tururin da zai kama, tunda ko a digiri 45 ƙasa da sifiri yana yin haka. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki: firijin ya ɗumame, tururi ya cika shi, wuta ta dawo, injin ya tashi. Firijin da aka ƙera musamman domin sinadarai masu kamawa ne kaɗai ya dace, in babu shi kuwa, kabad na ƙarfe a ɗaki mafi sanyi mai iska ya fi.

Ga masu gwajin bayan gida, shagon yana da etil asitet, wanda ɗakunan gwaji da yawa suka koma amfani da shi a madadin eta domin yana tafasa ne a digiri 77 kuma ba shi da matsalar feroksaid irin ta eta, ko da yake shi ma yana kamawa da wuta. Ban ji sun taɓa tallata shi ga kowa ba sai wanda ya tambaya. Ba sa kuma karɓar tsofaffin kwalabe ko ragowar sinadari, alhali zuba eta a kwata yana nufin tura tururinsa cikin magudanar da ta ratsa gidajen mutane. Na tambayi Alhajin ko dillalin da ke kawo masa kaya zai yarda ya riƙa komawa da ragowar, ya ce zai yi masa magana idan motar wata mai zuwa ta iso.